Kagarar da Aka Hana wa Indararo

A shekara ta goma sha ɗaya da naɗin Tunau ɗan Gajere a sarautar Dargaza, Nasara suka iso ƙasar, ana gama kai amfanin gona rumbu. Ba wani yawa gare su ba: Bature ɗaya tal, sojoji baƙaƙen fata kamar hamsin da ya kwaso daga can kudu, sai igwa guda da alfadarai ke ja. To amma igwar nan fa ita ce maganar. Ranar da suka sauka Baturen ya sa aka auna tsohuwar kukar bakin kasuwa, aka saki wuta sau ɗaya. Kukar da kaka da kakanni suka ci tuwo da miyarta, sai ga ta warwas a ƙasa. Tun daga ranar duk wani mai kaifin baki a birnin Dargaza ya koyi magana ƙasa-ƙasa.

Sunan Baturen na gida ya gagari harshen kowa. Da aka lura ba ya zama in zai ci abinci, kamar wanda ake kora, sai aka sa masa Ci-da-Tsaye, suna kuwa ya bi shi.

Ci-da-Tsaye ya ce a gina masa kagara, wato gidan yaƙi mai kaurin bango, a kan Dutsen Maiki, inda in ka tsaya kana hango tsakar fada kamar tafin hannunka. Sarki Tunau ya dubi inda kuka take a da, ya sa aka kira Sarkin Magina.

Sarkin Magina Cindo tsoho ne ɗan firit, mai yatsu shida a hannun dama. Mutanen gari suna cewa na shidan ne ke yi masa awo, don ba a taɓa ganin ya riƙe igiya ba, kuma ba a taɓa ganin bangonsa ya karkace ba. Wata biyar ya yi a kan dutsen nan. Ya tayar da bango mai kaurin kamu uku, ya jera azara, ya zuba rufin ƙasa, ya kewaye saman da rawani har ƙirjin mutum don sojoji su laɓe, ya shafe komai da makuba har yana ƙyalli. Aka ja igwa aka ɗora a kan rufin, bakinta na kallon fada.

Rigimar a kan indararo ta tashi. Cindo ya kafa guda ashirin da huɗu, kowanne ya miƙo baki waje don zubar da ruwan rufi. Gogan naka ya zagayo yana cin wani abu a tsaye, ya ɗaga kai ya gan su, sai ya daka tsawa. Wai waɗannan ai maƙalai ne, abokan gaba su jefa igiya su hau. A cire, a toshe ramukan.

To, maginan Dargaza suna da wata al'ada da ba a wasa da ita. In magini ya ga aibi a ginin da ya yi, dole ya faɗa wa mai gida sau uku, a ranaku uku daban, a gaban shaida. In ya cika ukun mai gida ya ƙi ji, alhaki ya sauka daga wuyansa. In ya rage ko ɗaya, gini ya zo ya kashe rai, to shi da zuriyarsa sun bar taɓa tubali har abada. Cindo ya faɗa ranar farko, Bature ya yi dariya. Ya faɗa washegari, Bature ya ce a gaya wa tsohon nan a ƙasarsu ruwa ake yi safe da yamma shekara zagaye, ba wanda zai koya masa ruwa. Kafin a kai ga na uku aka sallami magina, aka ce duk wanda ya ƙara hawowa a bakin ransa.

Haka aka zauna har bazara ta kama, irin zafin nan da ƙadangare ma sai ya sami inuwa yake gyaɗa kai. Ran nan da hantsi fada ta cika, sai ga Labaran, tafintan Bature, ya sauko da saƙo. Ya faɗi ya yi doguwar gaisuwa, don ya san abin da ya ɗauko ba goro ba ne.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ɗan aike ba ya laifi. Bature ya ce nan da kwana bakwai, kafin la'asar, Sarki ya hau Dutsen Maiki da ƙafarsa, ya ajiye takobin Dargaza a ƙofar kagara. A kuma kwaso duk wani mashi da gatari da ke birnin nan a zube a wurin. In la'asar ta yi ba a zo ba, igwa za ta gaisa da fada."

Aka fitar da shi. Kaura Barmo, shugaban dakarun Dargaza, shi ya fara miƙewa. Ƙato ne, in ya yi magana har ƙurar azara sai ta zubo.

"Zaki, Allah ya ƙara maka rinjaye. Takobin nan sarakuna goma sha huɗu suka riƙe shi, ba wanda ya taɓa ajiye shi a ƙofar wani. In an ce a kanka za a fara, to sai bayan an binne Barmo. Ba ni dakaru ɗari biyar in hau dutsen nan gobe. Igwa baki ɗaya gare ta, mu kuwa ɗari biyar ne!"

Daga gefen karaga wata murya ta ce, "Kuka ma ai ta fi ka kauri, Kaura."

Magajiya Tabawa ke nan, gwaggon Sarki, tsohuwar da haƙoranta suka ƙare amma bakin bai rage komai ba. Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na motsi. Kaura ya ga ba dama ya rama a nan, sai ya juya ya nemi wanda zai iya.

"Kuma in ana neman wanda ya ɗaure mu ya miƙa wa Nasara igiyar, ga shi can bakin ƙofa yana sosa gemu. Kai Cindo! Bangon da ka yi wa Ci-da-Tsaye ko fadar nan ba ta sami irinsa ba. An ce ka yi gini, ba sai ka yi na ganin ido ba? Ɗanyen tubali nan, ruɓaɓɓiyar azara can, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Cindo. Ya matso ya durƙusa. "Allah ya taimaki Sarki, hannun nan bai iya mugun gini ba. Ko maƙiyin ubana ya ba ni aiki, daidai zan yi masa. Amma kagarar can ba za ta ga ruwa uku ba."

Sarki ya gyara zama. "Faɗi mu ji, Sarkin Magina."

"Rufin ƙasa, ranka ya daɗe, kamar mutum yake: in ya sha dole ya fitar. Indararo ne hanyar fitarwa, an toshe. Ga rawani an ɗaga har ƙirji, na kuma shafe shi da makuba, ko ɗigo ba zai ratsa ba. Abin da ke kan dutsen nan yanzu ba soro ba ne, kwatarniya ce aka ɗora wa sojoji a ka. Aka kuma saka igwa a cikinta don ƙarin nauyi."

Magajiya ta buga sandarta a ƙasa. "To ku ji nawa. Shekaranjiya shamuwa ta sauka a rimin ƙofar gabas. Jiya na ga tururuwa na kwasar ƙwai tana hawa bango. Gwiwata ta hagu kuma tun Talata take yi mini magana. Ukun nan ba su taɓa haɗuwa sun yi ƙarya ba. Ruwa na tafe. Ko zai riga wa'adin, wannan kuma sai Mai Sama."

Kar ka so ka ga fuskokin fadawa, kowa baki har kunne kamar an ce an soke haraji. Ana cikin wannan murna Cindo ya yi gyaran murya.

"Saura abu ɗaya, Zaki. Sau biyu na gaya wa Bature. Ina neman izini in hau in cika na uku."

Wai! Zaure ya kaure. Kaura ya yi tsalle har rawaninsa ya zame.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Allah ya ba mu ƙofa ɗaya, shi kuma zai je ya nuna wa Nasara inda za a sa sakata! Zaki, ba ni shi in raba shi da kan nan, tun da ba amfani yake yi masa ba."

"Akwai rayuka hamsin a ƙarƙashin rufin nan, Kaura," in ji Cindo, "kuma ni na ɗora shi. In ya faɗo ban cika uku ba, ba Bature ya kashe su ba, ni ne. Jikokina goma sha ɗaya, duk magina. Me zan bar musu?"

"Ka bar musu gari mana, tsohon banza! In ka je ka tona, ruwan sama ya kuma ci kagarar nan, ni Barmo, Kauran Dargaza, zan tuɓe in taka maka ƙasar gini da ƙafafuna rani guda cur. In kuwa ta tsaya, kanka nawa ne."

"Na karɓa. Sai dai ka fara goge kaushi tun yanzu, ƙasar gini ba ta son tsakuwa."

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya dubi takobin da ke kan cinyarsa.

"Sarautar Dargaza," in ji shi, "ba a kan takobin nan take zaune ba. A kan alkawari take: na manomi, na maƙeri, na magini, na Kaura. In na ce wa Cindo ya karya nasa yau don ni, gobe da wane baki zan ce wa wani ya riƙe nawa? Je ka, Sarkin Magina, ka sauke nauyinka. Amma ka ji sharaɗin Kaura, kuma na sa hannu a kai."

Ko Sarki ya hango abin da zai biyo baya ne, ko kuwa jefa ƙuri'a kawai ya yi, har yau masu ba da labari ba su daidaita ba.

Al'ada ta ce sai da shaida. Kaura ya ce ba wanda zai je sai shi, ya ga cin amanar da idonsa. Da yake ba a shiga kagara da rigar yaƙi, sai ga Kauran Dargaza guda da walki da tsohuwar hula, ɗauke da kwandon kayan aiki a ka, yana bin bayan ɗan tsoho yana huci kamar sa.

Labaran tafinta ya roƙa musu aka bar su suka hau saman rufi. Suka tarar da Ci-da-Tsaye kusa da igwa, da kwano a hannu, a tsaye dai kamar kullum. Cindo ya gaishe shi, ya bi gindin rawani da idon magini sau ɗaya, ya ce:

"Gaya masa, Labaran, wannan ne na uku kuma na ƙarshe, ga shaidata. Rufin nan ba shi da mafitar ruwa. In babban ruwa ya sauka zai faɗo a kan mutanensa. A mayar da indararo ashirin da huɗu. 'Yan ramuka biyun nan da aka huda a kusurwar gabas ba za su isa ba."

Labaran ya juya maganar. Bature ya tsayar da tauna. Waɗanne ramuka?

Ashe sajen sojojin, wani dattijo da ya fito daga ƙasar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ya ga abin ba zai yiwu ba, ya faki ido ya huda ramuka biyu a gindin rawani, ya kare su da buhu. Ci-da-Tsaye bai sani ba sai yau. Ya taka ya yaye buhun, ya ga rana na leƙowa ta ciki. Fuskar nan ta yi ja kamar gauta. Ya zazzaga wa Saje masifa a gaban yaransa, sannan ya dawo kan Cindo.

"Ya ce wayonku ya yi kaɗan," in ji Labaran, kansa a ƙasa. "Ya ce saura kwana shida wa'adi ya cika, sai ga magini ya zo da tausayi yana roƙo a kafa wa bango matakala? Ya ce yanzu ya tabbata ta nan kuka shirya hawowa. Ya ce ka toshe ramukan nan da hannunka, yana kallo."

"Na faɗa sau uku?" in ji Cindo, yana duban Kaura.

"Ka faɗa," in ji Kaura ta cikin haƙora.

Cindo ya sauke kwando, ya kwaɓa ƙasa, ya toshe ramukan, ya bi da makuba ya shafe sumul. Aikin Cindo ne fa, ko allura ba za ta sami hanya ba. Da ya gama Bature ya ce tun da tsoho ya damu da rufi haka, a kai shi ɗakin harsashi, wanda ke daidai ƙarƙashin igwa, a kulle. In rufin zai faɗo, ya fara da mai shi. Ɗan dakon kuma a kore shi.

Kaura ya sauko shi kaɗai, ya zube gaban Sarki ya zayyana komai. Ya ƙare da cewa, "Zaki, ni dai ban sani ba ko tsohon nan waliyyi ne ko mahaukaci. Mafita biyu suka rage wa Nasara, gaskiyarsa ta toshe su. Amma yanzu in rufin ya tsaya mun mutu, in ya faɗo shi ya mutu."

Sarki ya ce, "Bature ya ce a kai masa makaman Dargaza har ƙofa, ko ba haka ba? To za a kai. A ɗaure masu da gatura dami-dami, ɗaurin zarge, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Kowane dami a ɗora wa mai shi. Baka da kibiya a bar su gida, tsarkiya ba ta son ruwa."

Rana ta huɗu aka yi ɗan yayyafi, wanda ko ƙura bai kwantar ba. Kagara ko gezau. Rana ta biyar, rana ƙwal. Ta shida, har gara ta biyar. Mutane suka fara bin Magajiya da ido, wani mara kunya ma ya aika a tambayo lafiyar gwiwa. Ta ce a gaya masa gwiwar na gaishe da uwarsa.

Rana ta bakwai gari ya waye sama fes, ko gajimaren rantsuwa babu. Zafi kuwa kamar an kife tukunya, iska ta ɗauke ɗif. Sarki Tunau ya yi wanka, ya sa farare, ya rataya takobin Dargaza, ya fito da ƙafa tun hantsi. Dakaru ɗari biyar na biye, kowa da dami a ka, Kaura a gaba.

Daga fada zuwa gindin Dutsen Maiki tafiyar shan fura ce. To amma ranar Sarki ya tuna da wata tsohuwar ƙa'ida, cewa Sarkin Dargaza ba ya wuce ƙofar wanda ya girme shi bai tsaya an gaisa ba. Ka san kuwa tsofaffin birni ba su da aikin da ya fi gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, yaya ƙafar nan, ya aka ji da rasuwar bara. Wani kurman tsoho shi kaɗai ya ci kusan sa'a guda. Labaran ya sauko sau biyu yana cewa Bature na tambaya, Sarki ya ce a gaya masa ana tafe, sarauta ba ta gudu.

Azahar ta yi, sun iso gindin dutse, tsofaffi sun ƙare. Sama shiru. Kaura ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Zaki, in mun kai ƙofa ba ruwa fa?"

"Sai ka sami abin da ka roƙa, Kaura: ɗari biyar da baki ɗaya."

Suka fara hawa. Sun kai rabi ke nan sai wata iska mai sanyi ta bugo ƙeyar Sarki, ta ɗaga gefen alkyabbarsa. Wani daga baya ya ce, "Ku dubi gabas!" Aka juya. Hadari ne ya taso baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, yana tafe yana gurnani. Can ƙasa a ƙofar fada aka hango 'yar tsohuwa ta ɗaga sanda sama tana juyi a kan gwiwar da aka raina.

Suna isa fili gaban kagara ruwa ya ɓarke. Ba irin ruwan ƙasar su Ci-da-Tsaye ba, mai sauka kamar yana neman izini. Wannan na Dargaza ne, wanda in ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Bature ya leƙo ta saman rawani ya ga Sarki tsaye yana jiƙewa, abin ya yi masa daɗi, ya ce kar a buɗe ƙofa, a bar shi ya sha sosai tukuna. Sarki ya ce madalla, ba ya sauri.

A saman rufi kuwa ruwa ya rufe idon sawu. Kafin a ce haka ya kai ƙwauri. Ya nemi hanya gabas, Cindo ya shafe. Ya nema yamma, Cindo ya shafe. Sai ya zauna abinsa. Da ya kai gwiwa, dariyar Bature ta ɗauke. Ya sa sojoji kwarfa da bokiti da huluna, kamar masu kwashe kogi da ludayi. Ya ce a huda rawani da wuƙaƙen bindiga. Wuƙa ta sari makuba ta dawo a lanƙwashe. Daga ƙasa dakarun Dargaza suna jin ihunsa, ba mai buƙatar tafinta.

A ɗakin harsashi Cindo na zaune ya kasa kunne. Azara ta yi ƙara sau ɗaya. Ya miƙe ya buga ƙofa. Saje ne ke gadi, don tun ranar ramukan nan aka sauke shi daga sama aka ba shi tsaron fursuna. Ya buɗe. Ba su jin harshen juna sosai, amma Cindo ya nuna sama, ya nuna bakan ginin da ke kan ƙofar, wanda ya ɗaure da hannunsa a cikin kaurin bango, ya jawo Saje suka tsaya a ƙarƙashi. Saje ya ƙwala wa yaransa kira, waɗanda ke ɗakuna suka yi waje da gudu zuwa tsakar gida. Azara ta yi ƙara ta biyu.

Ta uku ba ƙara ba ce. Igwar nan da ta kayar da kuka, ita ta fara nutsewa, ta ɓurma rufi ta faɗa kan akwatunan harsashi, tafki guda ya biyo ta. Rufin ya bi ɗaki-ɗaki yana zubewa. Ruwan da aka hana fita ta indararo ya fita ta bangon gabas gaba ɗaya, ya tsaga shi tun daga sama har ƙasa, ya gangaro da laka da bokitai da hulunan soja.

Sarki Tunau ya zare takobin da aka ce ya zo ya ajiye.

"Kaura, Bature ya ce a kawo masa makamai. Shigar masa da su."

Ja ɗaya, dammuna ɗari biyar suka kwance. Barmo ya yi wata kururuwa da ta fi tsawar sama, ya faɗa ta tsagar bango, dakaru na biye kamar ɗango. Wasu sojoji suka sami sakin wuta, mutum bakwai na Dargaza suka faɗi a bakin tsagar, Allah ya jiƙansu. Amma bindiga na gama abin da ke cikinta ta zama sanda, don harsashi na can ƙarƙashin laka da igwa zaune a kai. Aka gwabza a tsakar gida cikin ruwa har gwiwa, gatari da gindin bindiga, ba a daɗe ba sojoji suka zubar da makamai. Ci-da-Tsaye kuwa a cikin taɓo aka tsamo shi, ya nutse har ƙugu. Ranar dai mutanen Dargaza suka fara ganinsa a zaune.

Kaura bai tsaya karɓar gaisuwa ba. Ya jefar da gatari ya nufi inda ɗakin harsashi yake a da. Ba ɗaki, sai tudun laka da karyayyun azara. Ya fara tono da hannu yana kira.

"Cindo! Kai tsohon banza! In ka mutu ban yafe ba!"

Ya yaye wata azara, sai ga bakan ƙofa tsaye ƙyam, ko tsaga babu. A ƙarƙashinsa mutum biyu sun rakuɓe, laka ta rufe su har ido. Ƙaramin ya share fuska da hannu mai yatsu shida.

"A hankali, Kaura, kar ka ji rauni a ƙafa. Ina da aiki da ita."

La'asar ta yi, ruwa ya tsagaita, Sarki ya zauna a kan gindin igwa da ya leƙo daga laka ya yi hukunci. Saje da sojojin da suka so zama aka ba su gonaki. Ci-da-Tsaye aka ba shi alfadari ɗaya da guzuri da tafintansa, aka nuna masa hanyar kudu. Har ya juya Sarki ya ce a dakata, baƙo ba ya barin Dargaza hannu wofi. Aka ɗauko indararo guda cikin waɗanda ya sa aka cire, aka ɗaura masa a bayan alfadari.

"Labaran, gaya masa ya kai wa sarkinsu. In ya tambayi amfaninsa, shi ya fi kowa sani yanzu."

Magajiya, da aka hawo da ita a kan jaki, ta bi alfadarin da kallo ta ce, "Za su dawo fa, ɗan Gajere. Irin waɗannan ba sa jin magana sau ɗaya."

"Na sani, Gwaggo. Shi ya sa zan tambayi Sarkin Magina abin da yake so."

Cindo ya durƙusa. "Allah ya ja zamaninka, ba na son riga, ba na son doki. Ban taɓa barin ginina a ƙasa ba. A ba ni dutsen nan in sake tayar da shi yadda ya kamata."

Da kaka ta yi aka fara aiki. Kagara ta tashi a karo na biyu, da indararonta ashirin da huɗu, aka haƙo igwa aka wanke aka mayar sama, amma wannan karon bakinta na kallon hanyar kudu, fada na bayanta. Ranin nan kuwa mutanen ƙauyuka har sammako suke yi zuwa Dutsen Maiki, ba don kallon igwa ba. A gindin bango akwai ramin kwaɓa, a cikinsa akwai wani ƙato da walki, laka har cinya, yana taka ƙasa yana huci. A bakin ramin ɗan tsoho na zaune a inuwa, yakan miƙa hannu ya ɗebo ya murza tsakanin yatsu shida, ya girgiza kai.

"Ba ta yi ba, Kaura. Sau biyu ke nan na gaya maka. Kar ka bari in kai na uku."